Maki 92 a wuyan kwalba: wa ya ba da shi, wa kuma ya biya?

"Ni ɗalibi ne, ina karatun harkar otal a Faransa. Cikin darussanmu akwai na giyar inabi. Ba na sha, amma dole in san yadda ake jera ta da yadda ake yanka mata farashi saboda jarrabawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne makin da ake rubutawa a jikin kwalba, 90, 92, 95, da lambobin zinariya da ake liƙawa. Wani malaminmu yana ɗaukar su tamkar hujja, wani kuma ya ce duk saye ake yi. Don Allah wanne ne gaskiya?"

Ƙanena, tambayoyi biyu ka dunƙule wuri guda. Ta farko, shin harshen ɗan Adam yana iya auna abu har ya raba 91 da 92? Ta biyu, shin kuɗi yana taɓa hannun mai ba da makin? Jama'a sun fi son ta biyun don ita ce mai daɗin hira, amma ta farkon ta fi nauyi, kuma da ita zan fi daɗewa.

Hukuncin giya a addini ba shi ka tambaya ba, ka kuma san shi kamar yadda na san shi. Ni sana'ata gwajin ɗanɗano ce a masana'antar abinci. Ina horar da mutanen da ke zama su ɗanɗana lemon kwalba, zuma, kofi da man girki, sannan in lissafa ko maganarsu abin dogaro ce. Giya ba ta cikin abin da nake sa wa a baki, don haka ba zan ce maka wannan gonar ta fi waccan ba. Amma hanyar gane ko mai ɗanɗano ya san abin da yake faɗa iri ɗaya ce ko me aka zuba a kofin, kuma an yi wa alƙalan giya wannan gwajin an buga sakamakon.

Inda makin ya samo asali

Ma'aunin maki ɗari ba tsohon abu ba ne. Wani lauya ɗan jihar Maryland ta Amurka, Robert Parker, shi ya yaɗa shi bayan ya fara fitar da mujallarsa The Wine Advocate a 1978. Kafin shi, marubutan Ingila sun fi amfani da maki 20 ko kuma dogon bayani da ba lamba a ciki. Parker ya ɗauko tsarin makin makarantun Amurka wanda kowa ya saba da shi. Kowace kwalba tana farawa da 50 kyauta, launi ya samu har 5, ƙamshi 15, ɗanɗano 20, sauran 10 kuma na ingancinta gaba ɗaya ne da yadda za ta jure ajiya. Ka ga ke nan tun daga tushe ɗarin ba ɗari ba ce, hamsin ce. A aikace ma ba ta kai hamsin ba, domin da wuya yanzu ka ga an buga makin da ya gaza 85.

Abin da ya kamata a yaba wa Parker shi ne dalilin da ya sa ya fara. A zamaninsa da yawan masu rubutu kan giya su ne kuma masu sayar da ita, ko kuma abokan cin abincin masu gonakin. Shi ya ce ba zai karɓi talla ba, masu biyan kuɗin mujalla su za su riƙe shi. Sunansa ya tashi ne da girbin 1982 na Bordeaux, yankin gonakin inabi a Faransa, wanda ya yaba tun yana cikin ganga alhali wasu manyan marubutan Amurka na ja da baya, kasuwa kuma ta bi bayansa. Daga nan makinsa ya koma kuɗi. A Bordeaux akwai al'adar sayar da giya tun ba a ɗura ta a kwalba ba: cikin bazara ake kiran masu sharhi su ɗanɗana daga ganga, a yanka farashi, mai saye ya biya, sai bayan kamar shekara biyu kayan su iso hannunsa. Mutumin da zai biya kuɗin abin da bai gani ba dole ya jingina da maganar wani. A 2003 Parker bai je wannan zama da wuri ba, masu gonaki suka yanka farashin girbin 2002 babu makinsa, sai wasu masana tattalin arziki suka samu damar kwatantawa. Lissafinsu ya nuna makin nasa yana ƙara kusan yuro 3 a kan kowace kwalba idan aka yi matsakaici, a kan waɗanda ya fi yabo kuwa ya wuce haka nesa.

Inda maki ya zama kuɗi, masu kaya sai su koma yin abin da mai makin yake so. An daɗe ana zargin cewa gonaki da dama sun karkata ga giya mai kauri, nunanniya, mai ƙamshin itacen ganga, don an lura ita Parker ya fi ba wa maki. Shi ya musanta cewa iri ɗaya kawai yake so. Ko ma yaya ne, ba wanda ya ba shi na goro a nan. Kasuwa ce ta lanƙwasa kanta ta bi harshen mutum guda.

Kofi uku daga kwalba ɗaya

Gwajin da na fi so a wannan fage shi ne na Robert Hodgson. Tsohon malamin jami'a ne a Kalifoniya da ya san lissafi, yana kuma da ƙaramar masana'antar giya. Abin da ya dame shi, sai kwalbarsa ta ci zinariya a wannan gasa, a kai ta wata gasar ta dawo hannu rabbana. Ya roƙi masu shirya gasar baje kolin jihar Kalifoniya su bar shi ya gwada alƙalansu, suka yarda, aka fara a 2005. Dabarar ba ta da wuya. Cikin jerin kofunan da ke gaban alƙali, uku daga kwalba ɗaya aka zuba su, bai sani ba. Idan harshensa ma'auni ne, ai maki ɗaya zai ba su.

Sakamakon da ya buga a 2008 ya nuna kusan alƙali ɗaya cikin goma ne kawai ke iya ajiye kofunan ukun a matakin lambar yabo ɗaya. Wani ɗaya cikin goman kuma, giya guda ce zai ba ta tagulla a wannan kofi, zinariya a wancan. Matsakaicin alƙali yana lilo da kamar maki 4 sama ko ƙasa, wato abin da ya kira 90 yanzu zai iya kiransa 86 ko 94 bayan ɗan lokaci. Kuma waɗanda suka yi ƙoƙari bana ba lallai su ne za su yi baɗi ba. A 2009 ya sake bin diddigin gasa 13 na Amurka. Cikin kwalabe 2,440 da aka shigar gasa fiye da uku, kashi 47 cikin ɗari sun ci zinariya a wani wuri, amma kashi 84 cikin ɗari na waɗannan masu zinariyar ba su samu komai ba a wata gasar.

Wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, domin shi nake gani a ɗakin gwajinmu. Ɗaki ne da aka yanka ƙananan akwatuna, kowa da nasa, ba ya ganin fuskar na kusa da shi. Kofunan duk iri ɗaya, an rubuta musu lamba mai alƙaluma uku da ba ta nufin komai, ga ruwa ga biskit maras gishiri na wanke baki. In launi zai iya tona asiri sai mu kunna jan ƙwai, komai ya koma kala ɗaya. Ranar gwaji ba a shafa turare, ba a cin goro. Duk da wannan tsantseni, ina cusa kofi biyu daga tulu ɗaya cikin jerin ba tare da na faɗa ba, kuma kullum akwai wanda zai rantse cewa na hagu ya fi zaƙi. Abin da na lura da shi kuma, mai yawan bayani, wanda zai ce yana jin ƙamshin lemon tsami da ɗan hayaƙi can ƙarshe, sau da yawa ba shi ne mai daidaito ba. Akwai wata baiwar Allah daga sashen ɗaure kaya da ba ta wuce ta ce "wannan daban ne" ko "ɗaya ne", amma in ka duba takardunta na wata da watanni, ita ce ba ta kuskure. Iya magana daban, iya ɗanɗano daban, kuma mujallu mai iya magana suke ɗauka aiki.

Dalilan lilon sanannu ne. Kofin farko yakan samu tagomashi. Abu mai sauƙi da ya biyo bayan mai ƙarfi sai ya ji salam. Harshe da hanci suna gajiya, ga shi a manyan gasa alƙali yana iya ɗanɗana gommai a yini, wani lokaci har ɗari, kuma ko da yana tofarwa, dauri yana taruwa a baki. Sanyin kofi, yunwa, mura, duk suna da rabo. Sannan halitta kanta ba ɗaya ba ce. Akwai wani sinadari mai ƙamshin masoro da masu bincike a Ostareliya suka gano a cikin wasu jajayen giya a 2008, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa sam, komai yawansa. Alƙalai biyu za su iya zama a tebur ɗaya da kofi ɗaya, amma ba abu ɗaya hancinsu yake kai musu ba.

Ido kuwa ya fi kowa ɓarna. A 2001 Frédéric Brochet da abokan aikinsa a jami'ar Bordeaux sun rina farar giya da jan launi maras wari suka ba ɗalibai 54 masu karatun fannin, sai ga su suna siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta ja. A 2008 kuma masu bincike a Kalifoniya sun sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya ɗaya sau biyu, aka ce musu wannan ta dala 10 ce, waccan ta dala 90. Ba baki kawai ya ce ta dala 90 ta fi ba, sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗi ma ya fi motsawa. Wato mutumin ba ƙarya yake ba, da gaske ya fi jin daɗinta. Shi ya sa duk makin da aka bayar mai ba da shi yana kallon tambarin kwalba, rabinsa na tambarin ne. Faransawa sun ɗanɗani wannan a birnin Paris ranar 24 ga Mayu 1976, lokacin da wani ɗan kasuwar giya ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara manyan masanansu ya ɓoye sunayen kwalaben, suka ba wa giyar Kalifoniya na ɗaya a fara da ja, sama da manyan gonakin ƙasarsu.

Sai dai kada ka ɗauki waɗannan labarai ka je ka ce wa malaminka na farko masana duk holoƙo ne. Gwajin Brochet ɗalibai aka yi wa, kuma kalmomin siffantawa aka auna, yawancin masu ba da labarin suna ƙara masa gishiri. Hodgson da kansa ya lura cewa alƙalai sun fi daidaito a kan abin da ba su so. In kaya ya lalace, ya yi tsami ko ya ɗauki warin ruɓaɓɓen murfi, ƙwararre zai kama shi yau, ya kama shi gobe. Haka yake a wurinmu: man da ya fara ɗoyi ba ya wuce horarren hanci. Ƙwarewa gaskiya ce wajen raba lalatacce da lafiyayye, da raba na yau da kullum da na musamman. Inda take rushewa shi ne wajen jera masu kyau goma a ce wannan 93 wancan 91.

A can saman ma ra'ayi ne tsagwaronsa. Girbin 2003 na gonar Château Pavie ya haɗa Parker da mai sharhin giya Jancis Robinson ta Ingila faɗa a 2004. Shi ya ba shi sama da 95 cikin ɗari, ita ta ba shi 12 cikin 20 ta ce ya wuce gona da iri. Su biyun ba wanda za a ce bai san aikinsa ba. Abin da suka ji a baki kusan ɗaya ne, kauri da nuna sosai. Shi wannan yake nema, ita shi take gudu.

Ta ina kuɗi yake shiga

Yanzu ga malaminka na biyu. In yana nufin ana miƙa wa babban mai sharhi ambulan a ce rubuta 95, wannan ba shi ne abin da aka fi kamawa ba. Wanda sunansa ne jarinsa ba ya saurin sayar da shi. Wani masanin tattalin arziki, Jonathan Reuter, ya kwatanta makin mujallar Wine Spectator, wadda ke karɓar talla, da na Wine Advocate wadda ba ta karɓa, a binciken da ya buga a 2009. Bambancin da ya samu ga masu ba da talla bai kai maki ɗaya ba, kuma bai ɗauke shi hujjar cewa ana sayen maki ba. Kuɗi ya fi aiki a bakin ƙofa: wa za a ɗanɗana kayansa, wa za a ziyarta, wane maki za a buga, wanne za a binne.

Ɗauki gasa. Yawancinsu kasuwanci ne. Mai kaya yana biyan kuɗin shiga a kan kowace kwalba, in ya ci lamba kuma ya sayi 'yan takardun zinariyar da zai liƙa, dubu-dubu. Mai gasa yana cin riba sau biyu, ta biyun kuma ba ta zuwa sai ya ba da lamba. Wanda ya biya shekara biyu bai samu komai ba, ba zai dawo a ta uku ba. Ƙungiyar inabi da giya ta duniya ta ƙayyade cewa gasar da ke bin ƙa'idarta kada lambobinta su wuce kashi 30 cikin ɗari na kayan da aka shigar, amma ba kowace gasa ke ƙarƙashinta ba, akwai waɗanda fiye da rabin masu shiga ke komawa gida da wani abu. A 2023 wani shirin gidan talabijin na RTBF a Beljiyam ya sayi giyar kanti ta yuro biyu da rabi, ya ƙirƙira mata suna da tambari mai kyau, ya biya yuro 50 ya tura ta wata gasar ƙasa da ƙasa, ta dawo da zinariya haɗe da kalaman yabo.

Wanda ya fi shafar karatunka shi ne na 2008. Wani marubuci, Robin Goldstein, ya ƙirƙiri gidan abinci a Milan mai suna Osteria L'Intrepido, wanda babu shi a doron ƙasa. Ya buɗe masa shafin intanet da lambar waya, ya tsara jerin giya, ya cusa a ciki wasu kwalaben Italiya da Wine Spectator ɗin kanta ta taɓa kushewa, ya biya dala 250, mujallar ta ba shi lambar yabon gidajen abinci masu kyakkyawan jeri. Ta kare kanta da cewa yaudara ce aka shirya da gangan, kuma kwalaben da ta kushe kaɗan ne cikin jerin. Haka ne. Amma abin da ya fito fili shi ne ba wanda ya taka ƙafa ya je wurin. Idan ka ga irin wannan takarda a bangon gidan abinci, abin da take shaidawa shi ne an aika jeri an biya kuɗi.

Akwai kuma tafiye-tafiye da liyafa. A 2011 rigima ta tashi a Sifaniya kan zargin cewa ana neman ƙungiyoyin masu gonaki su biya maƙudan kuɗi ga wani mai shirya taro kafin wakilin Wine Advocate ya ziyarce su. Lauyoyin da mujallar ta ɗauka su bincika sun ce ba su samu shaidar an sayi maki ba, sai dai tsarin ya ba da ƙofar zargi. Ni a ganina wannan ƙofar ita ce matsalar. Mutumin da aka ɗauko a jirgi, aka sauke a masauki mai kyau, mai gona ya zauna gabansa yana ba shi labarin kakansa, ba sai an roƙe shi komai ba. Kunya kaɗai ta isa ta ƙara maki biyu. Ita kanta mujallar ta sauya hannu: Parker ya sayar da kaso mafi tsoka ga masu zuba jari na Singafo a 2012, kamfanin Michelin ya sayi kashi 40 a 2017 sannan ya mallake ta duka a 2019, shekarar da Parker ya yi ritaya. Sunan yana nan, amma harsunan da ke bayansa wasu ne.

Hanyar da ta fi dukkansu tasiri kuwa ba a biyan ko sisi a cikinta. Yau masu ba da maki sun yi yawa. Mai kaya yana aika kwalbarsa wurin mutum shida ko bakwai, ya samu 88, 89, 90, 90, 93, sai ya buga 93 a wuyan kwalba ya yi shiru da sauran. Mai sharhin da ya ba da 93 shi sunansa zai bayyana a kantuna dubu, kyauta. Wanda ya ba da 88 ba mai ambatonsa. Ba sai an faɗa wa kowa abin da zai yi ba, maki yana ta hawa da kansa shekara bayan shekara. Aikin ya koma kamar na maroƙi a gidan biki: ba lallai ya yi ƙarya ba, asalin da ya ambata na gaskiya ne, amma ya san abin da zai faɗa da abin da zai tsallake, kuma ya san wa zai yi masa liƙi. Ƙari a kan haka, wasu kantuna sukan bar takardar makin wata shekara a jikin kwalbar wata shekarar, alhali girbi da girbi ba ɗaya ba ne.

Taurarin da jama'a ke bayarwa a manhajoji irin su Vivino ba su kuɓuta ba. Yawan masu ba da su yana rage lilon mutum ɗaya, wannan gaskiya ne, amma kowa yana ganin tambari da farashi kafin ya danna, kuma wanda ya kashe yuro 60 ba ya son ya ce an cuce shi. Manhajar kuma tana sayar da kayan da ake ba wa taurarin. Masu talla a Instagram da TikTok su ma doka ta fara bin su. A nan inda kake, dokar watan Yunin 2023 ta wajabta wa duk wanda aka biya ya rubuta a fili cewa talla ce, ga kuma dokar Évin ta 1991 da ta taƙaita tallar barasa tun da daɗewa. Amurka ta haramta sayen sharhin bogi a 2024. Doka tana kama wanda aka biya da kuɗi a sarari, amma da wuya ta kama wanda yake tsoron kada a daina aiko masa da kwalabe kyauta.

Yadda za ka yi amfani da shi a wurin aiki

In ka ga lamba, fara neman sunan da ke ƙarƙashinta. Lambar da ba suna, ko aka rubuta "masana sun ba ta 94", ka ɗauke ta ado. In akwai suna, duba ko a ɓoye aka ɗanɗana ko ana kallon tambari, domin mujallu masu mutunci suna bayyana tsarinsu. Duba shekarar girbin ta dace da ta kwalbar da ke hannunka. Duba kuma ko makin ganga ne, wanda akan rubuta shi da tazara kamar 92 zuwa 94, domin abin da aka ɗebo wa mai sharhi daga ganga ɗaya ba lallai shi ne ya shiga kwalba bayan an gauraya ba.

Sannan ka riƙa karanta kowace lamba da lilonta. Tsakanin 84 da 94 akwai magana. Tsakanin 90 da 92 babu abin da za ka gina farashi a kai, ko da yake kasuwa tana ginawa, kuma a jarrabawa sai ka nuna ka san tana ginawa. Mutum biyu da ba su da alaƙa, masu bambancin ra'ayi, in suka haɗu a kan yabon abu, wannan ya fi mini 96 ɗin mutum ɗaya. Lambar zinariya guda daga gasar da ba ka san kashi nawa take bai wa lamba ba, abin da za ka iya ɗauka daga gare ta shi ne wataƙila kayan ba lalatacce ba ne. Bayanin da ke ƙasan makin ma ya fi makin amfani a gare ka, tunda shi zai gaya maka mai kauri ce ko mai sauƙi, mai zaƙi ko mai dauri, abin da baƙo zai tambaye ka ke nan. Wani babban gwaji da aka buga a 2008, na ɗanɗano sama da 6,000 a ɓoye, ya nuna mutanen da ba su da horo ba su fi son mai tsada ba, har sun ɗan karkata ga mai araha. Baƙon da ke teburinka galibi cikinsu yake. Tunda kai ba ka sha, abokin aikinka mai kula da rumbun giya da kuma lura da abin da baƙi ke sake nema ko suke mayarwa za su fi yi maka amfani.

Waɗannan tambayoyi za su bi ka har sashen da kake iya sa baki: man zaitun mai lambar zinariya, cakulan, da kofi wanda sai ya kai maki 80 ake kiransa na musamman. A nan kam kana iya gwadawa da kanka. Sayi lemon kwalba iri biyu, mai tsada da mai araha, ka tara 'yan ajinku. Kowa a ba shi kofi uku masu lamba, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, ka riƙa sauya jerin daga mutum zuwa mutum, wanda ya zuba kuma kada ya zama shi ne mai miƙawa. Tambaya ɗaya ce: wanne ne daban? Ko da ka-cici-ka-cici mutum ɗaya cikin uku zai dace, don haka in ku 12 ne sai 8 sun gano kafin ka ce akwai bambanci na gaske, in ku 24 ne sai 13. Ka gayyaci malaman naka biyu su zauna a ciki.